Ranar da Saude Ta Ɗauki Lauya

Saude na tsaye kan rabin duron da ake turara shanshera, shinkafar da ba a cashe ba, ta ɗaga buhun da aka lulluɓe shi da shi tana duba ko ƙwayar ta fara buɗe baki, sai ga Yakaka, abokiyar sana'arta, ta shigo filin, mayafi ya zame mata zuwa kafaɗa. Tun daga takunta Saude ta san ba a dace ba. In Yakaka ta samo labari mai daɗi, tun daga bakin titi ake jin muryarta. Yau kuwa har ta iso gindin murhu sallama kawai ta yi.

Saude ta mayar da buhun, ta tura buntun shinkafa cikin wuta da ƙafa, sannan ta tambaya ba tare da ta juyo ba, "Me mutumin Malam Madori ya ce?"

"Ya ce a gaishe ki da kyau," in ji Yakaka. "Ya kuma ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ba zai ba da shawara a kan saƙo ba, sai mai maganar ta zo da ƙafarta."

Matan da ke baza shinkafa a kan tamfol suka yi kamar ba su ji ba, alhali kunnuwansu duk suna gindin murhun. Kowa a filin ya san mutumin Malam Madori. Barista Fatihu ne, lauyan da ofishinsa ke saman bene a hanyar kotu, kuma ɗan Saude na fari. Shekara talatin da wani abu ke nan da haihuwarsa, ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Kunyar ɗan fari ce, irin wadda Saude ta gada daga uwarta, uwar ta gada daga tata uwar, kuma a gidansu ba a yi mata riƙon wasa. Ana yaye yaron kakarsa Gumsu ta goye shi ta tafi da shi Malam Madori, can ya tashi, can ya yi makaranta, shi ya sa sunan garin ya bi shi. Shi kuma Yaya yake ce mata, yadda ya ji ƙannenta na faɗa. Ko mutanen unguwa Innar Adila suke kiranta, da sunan 'yarta ta biyu, don sun san in aka kira ta da na farin ba za ta waiwayo ba. In ya zo gaisuwa ranar Juma'a sai ya durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuwa ta ƙura wa faifan shinkafarta ido tana tsince tsakuwar da babu ita, a yi "lafiya lau" biyu a tashi. In tana da magana Adila take gaya wa, shi yana zaune yana ji. "Adila, a faɗa wa masu yawo cikin rana ba hula, ciwon kai ba ya sallama." Haka suka zauna lafiya shekara da shekaru, har aka kai Adila ɗakin mijinta a Guri, hanyar saƙo ta toshe.

Yanzu kuwa magana ta taso wadda ba ta aika. Matan filin nan sun kai ashirin da ɗoriya, turarar shinkafa ce abincinsu, Saude ce shugabarsu. Wani kamfani daga Kano mai ɗura shinkafar gida a buhu ya ga aikinsu ya yaba, ya ce zai riƙa kwashe duk abin da suka gyara, da sharaɗin su zama ƙungiya mai rajista da lambar haraji. Ana cikin murna sai ga ma'aikatan haraji sun zo neman Saude, cikin ladabi dai, suna son bayani. Da ma ita ce ta fara buɗe asusun banki a cikinsu, don haka duk mai sayen shinkafa ta asusunta yake turo kuɗi, ita kuma ta cire ta ba kowace nata. A idon hukuma ke nan Saude attajira ce mai juya dukiya, alhali ko akuyar layya sai ta yi adashi. Wakilin kamfanin gobe zai dawo jin amsa. In bai samu ba, akwai wasu matan a gaba da ke jiransa hannu bibbiyu.

Sau da yawa Yakaka ta hau benen nan da saƙon Saude, sai dai Yakaka ba ta iya kai magana ba tare da ta sa mata gishiri da yaji ba. Zuwan farko ta ce masa 'yan haraji za su kwashe duro da tamfol su rufe filin, abin da ba wanda ya faɗa. Zuwa na biyu rabin zaman ya tafi a kan rigimarta da ƙanenta kan gonar fadama. Da ya tambaye ta tun yaushe ake turo kuɗin, wa da wa ke cikin ƙungiyar, sai ta fara 'yan kame-kame.

"Har na ce masa, yaro, uwarka ce fa," in ji Yakaka tana gyara ɗaurin zane. "Sai ya sunkuyar da kai ya ce ya sani. Ya ce abin da ba zai yi wa bare ba, ba zai yi miki ba."

Saude ta ƙara gyara wutar murhun. A ranta ta ji daɗin amsar, don ta nuna yaron ba ya aikin gaggawa, halin ubansa marigayi Haladu sak. Amma a fili sai ta taɓe baki ta ce ai lauyoyi ba su ƙare a Haɗeja ba. Ta bar wa Yakaka wuta, ta ja kunnenta kada ta bari tururin ya wuce kima shinkafar ta yi ja, sannan ta nufi gida. Ta yi wanka, ta fito da atamfarta ta zuwa suna, ta naɗe takardar sharuɗɗan kamfanin a leda ta sa a jaka.

Adaidaita sahun da ta shiga ya bi ta gefen kasuwar kifi, ƙamshin banda ya cika musu hanci. Manyan motoci sun jeru ana loda musu shinkafar rani, 'yan dako na waƙa, zafin nan na gab da damina ya sauka sosai. Da suka zo hanyar kotu Saude ta kau da kai daga benen ɗanta, kamar yadda ta saba. Amma kau da kan Saude ba ya hana ta gani. Ta ga babura sun cika gindin benen, ta ga an sake fentin allon, har ta ga labulen tagarsa ya koɗe yana son canji. Duk Haɗeja kowa na kai kukansa wajen yaron nan ya zauna ya saurare shi, manomi da masunci da mai shago, ita kaɗai ce ba ta taɓa jin ya yi magana mai tsawo ba. Abin yana mata ciwo, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, kuma ba ta da niyya.

Ta sauka a ƙofar Barista Zarami, tsohon lauya, wanda gonarsa ta alkama ke maƙwabtaka da ta marigayi mijinta. Ta same shi cikin tarin fayil, fanka na kaɗa masa iska mai zafi, yana shan shayi ba madara.

"Wa nake gani haka? Innar Barista da kanta?" ya ce da gangan.

Saude ta duba bayanta kamar tana neman wadda ake kira. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce to Innar Adila, a zauna. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwan bana ko zai yi irin ɓarnar da na bara ya yi a fadama, aka yi wa Haladu addu'a. Sannan ta kwance masa maganar tun daga tushe. Ya saurara idonsa a lumshe, har ta yi zaton barci ya ɗauke shi.

Da ta gama ya buɗe ido ya gaya mata gaskiya. Ya ce lauyoyi ma kamar masu magani suke, kowa da ciwon da ya ƙware a kai. Shi in rikicin gona ne, ko gado, ko shanu sun shiga amfanin wani, to a tashe shi ko daga barci ne. Amma haraji da rajistar ƙungiya, shi kansa in tasa ta taso, benen can yake hawa da tsufansa. Ya ce zai iya karɓar aikinta ya yi abin da ya sawwaƙa, sai dai akwai abin da ya fi wannan.

"Hajiya, garin nan ƙarami ne. In aka ga takardunki a hannuna, kafin la'asar gindin bishiyar kotu ya ɗauka cewa ko uwar da ta haife shi ba ta yarda da aikinsa ba. Sana'armu da suna ake cinta. Kina so ki yi masa haka?"

Wannan kam bai taɓa zuwa mata a rai ba. Ita da ta fito don ta kiyaye mutuncin da ke tsakaninsu, ashe hanyar zubar masa da nasa ta kamo. Ta ce a hankali, ai ya san yadda abin yake, ba za ta iya zama gaba da gaba da shi tana zuba magana ba, bakinta ba zai buɗe ba.

"Ga ƙoshi ga kwanan yunwa," in ji Zarami yana girgiza kai. "To ji nan. Ɗa haihuwarsa ake yi, lauya kuwa ɗaukarsa ake yi. Ni ban ce ki je wajen ɗanki ba. Ki je ki ɗauki lauya, yadda kowa ke ɗauka. Ki bi layi, ki biya kuɗin ganinsa, ki zauna a kujerar da masu neman shawara ke zama. Duk wanda ya zauna a kujerar nan haƙƙinsa ne ya yi magana, wajibin lauya ne ya saurara. Ban taɓa jin inda kakanninki suka hana mace magana da lauyanta ba."

Ta so ta ce kakanninta ba su san lauya ba balle su hana, sai ta ga ai abin da tsohon ke nufi ke nan. Ta yi masa godiya ta fito.

Ba ta wuce kai tsaye ba. Ta shiga gidan wata 'yar ƙanwarta a nan kusa ta yi azahar, aka dama mata fura ta sha, ta zauna tana jan carbi tana auna maganar ta kowace fuska. Ta tuna matan da ta baro a fili, waɗanda wasunsu da kuɗin turarar nan suke riƙe da marayu. Ta nuna wa kanta cewa saboda su za ta je. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba, ana so ne ana kaiwa kasuwa. Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta tashi.

Matakalar benen ta fi yadda take zato tsayi. Tana shiga, Barira, yarinyar da ke karɓar baƙi, ta miƙe zumbur ta durƙusa, ta ce bari ta shiga ta gaya masa. Saude ta riƙo hannunta.

"Zauna, 'yar nan. Ba gaisuwa na zo ba, shawara na zo nema. Nawa ake biya a ga Barista?"

Barira ta rantse ba za ta karɓa ba, in Oga ya ji korarta zai yi. Saude ta ce in ba ta karɓa ba ita kuma za ta sauka ta tafi, sai ta zaɓi wanda ya fi sauƙin faɗa masa. Yarinyar ta karɓa, ta rubuta mata rasit. Saude ta ninke shi da kyau ta riƙe a tafin hannu, ta samu gefen benci ta zauna a bayan waɗanda suka riga ta.

Kusa da ita wani dattijo ne daga Guri, da ganin hannunsa ka ga masunci. Bai san ta ba, sai ya shiga ba ta labari don rage zaman jira. Ya ce wannan ne zuwansa na biyu, yaron nan ne ya raba su da wani dillalin kifi ba tare da an taka kotu ba. Ya ce bai taɓa ganin mai boko da haƙurin sauraro irinsa ba, ko ka maimaita magana sau goma ba ya duba agogo.

"Wallahi, Hajiya, duk matar da ta haifi yaron nan ta gama samun duniya. Ko kin san gidansu?"

"Ana dai faɗa," in ji Saude, tana kallon ƙafarta.

Daɗi ya cika ta har ta ji kamar ta tashi ta saya wa dattijon goro. Ta danne, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta bar shi yana ta yabo.

Da layi ya zo kanta Barira ta buɗe ƙofa, ta ce da ƙaramar murya, "Oga, mai shigowa." Fatihu na rubutu ya ɗago. Alƙalamin ya suɓuce masa. Ya miƙe da sauri ya zagayo tebur, ya cire takalmi ɗaya, yana ƙoƙarin durƙusawa a kan kafet da kwat ɗinsa.

Saude ta ɗaga rasit ɗin, idonta a kan bango. "Barista, koma kujerarka. Na biya."

Ya tsaya rabi a durƙushe rabi a tsaye. Ya dubi takardar, ya dubi Barira da ke leƙe ta bakin ƙofa, sai ya gane. Ya mayar da takalminsa, ya koma bayan tebur ya zauna, ya jawo farar takarda. Ya ce, "Bismillah, Hajiya. Ga kujera. Me ke tafe da ke?"

Da farko kalandar da ke bango ta yi wa bayani. Ta gaya mata yadda suka fara da duro ɗaya a bayan gida, yadda mata suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, yadda kuɗi suka koma bi ta waya. Shi kuwa yana rubutu yana jefa tambaya a hankali. Filin na waye? Aro ne daga dangin mijin Yakaka, ba a rubuta komai ba. In kuɗi sun shigo, wa ke shaida rabon? Kowa na nan ake yi, ido na ganin ido. Akwai mai sayen da zai iya tabbatar da cewa shinkafar ba tata ba ce ita kaɗai? Akwai su da yawa. Tambaya na jan amsa, amsa na jan tambaya, ba ta san lokacin da ta bar kalanda ta dawo kan tebur ba, daga tebur ta hau kan hannunsa mai rubutu, daga nan ta kai ga fuskarsa.

Rabon da ta kalli fuskar nan sosai tun yana goye. Goshin na Haladu ne, har da layin da ke fitowa in yana tunani. Furfura ta fara leƙowa a gefen kunne, da wuri haka. A saman girarsa ta hagu akwai wani tsohon tabo da ba ta san inda ya samo shi ba, ba ta san ko ya yi kuka ranar ba, ba ta san wa ya rarrashe shi ba. Ta ci gaba da bayanin asusu.

Da ta kai aya sai ya ajiye alƙalami ya fara nasa. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ba laifi ta yi ba, kuskure ne da masu sana'a da yawa ke yi, kuma yana gyaruwa. Za a yi musu rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, a buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum fiye da ɗaya ke sa hannu kafin a cire ko sisi. Daga yau kada kuɗin kowa ya sake bi ta nata asusun, ko na ƙawarta ta ƙut da ƙut ne. Shi zai je ofishin haraji da kansa da bayanin yadda abin yake da sunayen masu shaida, a raba nata da na jama'a, abin da ya hau kanta ta biya, wanda bai hau ba a sauke mata. Aron filin ma a rubuta shi tun ana shiri, don ran da shinkafa ta yi albarka dangi kan tuna da gadonsu. Ya karanta sharuɗɗan kamfanin, ya ce yawancinsu ba laifi, sai dai zai nemi a ƙara cewa in ambaliya ta ci gonaki shanshera ta yi wuya, ba za a kama matan da laifin rashin cika alkawari ba.

Nan take ya kira wakilin kamfanin a waya. Saude ta zauna tana jin yadda yake magana, ba ɗaga murya, ba ƙasƙantar da kai, Hausa in ta ƙare ya ɗauko Turanci, ya dawo ya ƙarasa da Hausa. Kafin ya ajiye wayar mutumin ya yarda cewa shaidar an fara rajista ta ishe shi gobe, sauran ya biyo baya.

"Shi ke nan, Hajiya. Ki gaya wa mutanenki su hura wuta."

Ya kamata ta ji sanyi, kuma ta ji, nauyin da ta kwana da shi kwana da kwanaki ya sauka. Amma tare da sanyin sai ga wani baƙin ciki ya biyo baya, don ta ga zaman ya ƙare. Yanzu za ta tashi ta sauka benen nan, ran Juma'a ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, ita ta koma tsintar tsakuwa. Ta gyara jaka a cinya ba ta miƙe ba. Don ta ja lokaci sai ta tambayi yadda ake biyan aikin da ya rage.

Ya fara cewa ai tsakaninsu babu wannan, ta katse shi. Ta ce in kyauta ce ba ta so, don aikin kyauta na ɗa ne, ita kuwa lauya ta zo ɗauka. Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, sannan ya yi mata bayani yadda yake yi wa kowa. Ya ce akwai mai zuwa ya biya na zama ɗaya, ya ji shawara ya tafi, kamar yadda ta yi yau. Akwai mai ɗaukar lauya kan aiki guda, a yi ciniki, in an gama aikin an rabu, kuma wannan shi ya dace da ita, don nata bai wuce 'yan makonni ba. Sai kuma masu ɗauka na shekara, irin masu injin casa da manyan dillalai, waɗanda ke biya tun farko lauya ya zama nasu.

"Na shekarar nan, yaya yake?"

Ya ce wannan ya fi ƙarfin buƙatarta, asarar kuɗi ce kawai. Mai shi yana da zama da lauyansa duk wata, ko da matsala ko babu, ya kuma kira waya duk lokacin da ya ga dama.

"In babu matsala, me ake faɗa a zaman?"

"Duk abin da mai zaman ya zo da shi. Lokacinsa ne."

"Wa ke jin abin da aka faɗa?"

"Ba kowa, Hajiya. Abin da aka faɗa wa lauya amana ce. Ko Barira ba ta ji."

Saude ta murza bakin mayafi. Ta san me Yakaka za ta ce in ta ji, ta san me uwarta za ta ce da tana raye. Ta kuma san ribar turarar bana, in Allah ya sa kamfanin nan ya tsaya kan maganarsa, za ta iya ɗaukar wannan ba tare da ta taɓa haƙƙin kowa ba.

"Rubuta min na shekara," ta ce. "Da sunana ni kaɗai, ba na ƙungiya ba. Na ƙungiya a yi masa nasa cinikin daban."

Fatihu ya buɗe baki zai sake cewa ba ta buƙata, sai ya dube ta, ya ga ba kalanda take kallo ba. Ya rufe bakin. Ya jawo takarda ya duƙufa yana rubutu, rubutun da bai wuce layi kaɗan ba amma ya daɗe bai ɗago ba, har sai da ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya turo mata ta sa hannu, ya ce ta zaɓi ranar da ta fi mata sauƙi a wata.

Ta ce za ta duba. Sannan ta tambaya ko zaman yau yana cikin lissafin shekarar, ya ce yana ciki, kuma ba wanda ke korarta.

Saude ta ajiye jakar a ƙasa, ta gyara zama sosai a kujerar.

"To, Barista, ka ci abinci kuwa yau?"

Ya ce ya sha shayi da safe.

"Shayi," in ji ta. "Tun safe, ga shi ana neman la'asar."

Ta fara a hankali, kamar mai taka ruwan da ba ta san zurfinsa ba, sannan bakin ya saki. Ta yi masa faɗan shayi, ta yi masa faɗan rama, ta yi na furfurar da ya bari ta fito masa tun bai kai ko'ina ba, ta tambayi tabon nan na gira ta ji ashe daga bishiyar mangwaron kakarsa ya faɗo, ta yi masa faɗan hawan mangwaron ma, duk da an makara da shekara talatin. Shi kuwa babban lauya ya haɗa hannu a kan tebur, kansa a ƙasa, yana cewa "To, Hajiya. Na ji, Hajiya," yana murmushin da ya kasa ɓoyewa.

A waje wani mai injin casa ya gaji da jira, ya taso ya tambayi Barira ko lafiya, yau Barista ya daɗe haka da mutum ɗaya. Barira ta kasa kunne ga ƙofar, ba ta jin kalmomin, sai dai muryar mace tana hawa tana sauka.

"Sai ka ƙara haƙuri, Alhaji," ta ce. "Yau ta fara, kuma da alama maganarta ta taru."